Gwangwani Biyu a Jaka Ɗaya

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba zan taɓa mantawa da ranar jeren Rabi a Tibiri ba. Rabi ƙanwar maigidana ce, autarsu, kuma a ɗakinta na amarci na tafka abin kunyar da har gobe in na tuna sai na ji fuskata ta ɗau zafi. Amma bari in faro daga tushe, kada ku ce rana ɗaya haukan ya same ni.

Sana'ata haɗa turaren wuta. A Sabon Gari nake zaune, nan Maraɗi, kuma ba yabon kai ba, in aka yi biki a unguwarmu ba a sa turarena ba, to amaryar ba ta da gata. (To, yabon kai ne. Ku bar ni da shi, shi kaɗai ya rage mini a labarin nan.) Icen hawi, kajiji, farce, jawul, kowanne na san yadda ake bi da shi. Nakan soya icen da sukari, in shayar da shi turare, in ya kwana biyu ya jiƙu sai in ɗura a gwangwanayen madarar gari, irin masu murfin roba ɗin nan. Wani mai shayi a bakin layinmu ke tara mini su. Kwalba ta fi kyau, na sani, amma gwangwani ba ya fashewa a bayan kabu-kabu.

Cikina na farko bai zauna ba. Wancan karon murna ce ta ɗebe ni, na kasa riƙe bakina. Tun bai yi ƙwari ba na gaya wa ƙawayena, na shiga kasuwa na sayo 'yan riguna da huluna, har da bahon wanka. Da ya zube, ma'aikaciyar asibitin da ta duba ni ta ce abu ne da kan faru ga mata da yawa, ba laifin kowa ba ne. Amma matan da suka zo yi mini sannu kusan bakinsu ɗaya: "Baki ne. Ai ba a faɗin ciki, shi ke faɗin kansa." Maganarsu ce ta zauna mini a rai. Na yi kuka har na gode wa Allah, na ɗaure kayan jariran a leda na tura ƙarƙashin gado.

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Da Allah ya sake ba ni wani, maigidan kaɗai na gaya wa, shi ma sai da na sa ya yi mini alkawari.

"Ko Hajiya?" ya ce. Hajiya mahaifiyarsa ce, tana Tibiri.

"Ko Hajiya."

"Innarki fa?"

"Ko ita. Wannan karon ba mai ji, sai ya fito kowa ya gani da idonsa."

Sai dai ba a yi shawarar da cikin ba. Laulayi ya tasa ni gaba kamar na kashe masa uwa. Amai da safe, amai da rana. In maƙwabciya ta jefa albasa a mai, ni ce zan biya. Mafi muni, turaren da nake ci da shi nake sha da shi, shi ya zama babban maƙiyina. Ni da nake kwana in tashi cikin ƙamshi, sai ga shi ko gyalen da ya taɓa shan hayaƙi na shinshina sai cikina ya juya.

Sannan ga yawu. Wadda ba ta taɓa yi ba ba za ta gane ba, kuma ba na yi mata fatan ta gane. Baki ya cika, ki tofar, kafin ki ɗago kai ya sake cika. In kika haɗiye, amai ne. In kika tofar a fili, duk macen da ta gani ta gama karanta ki. Sai na yi dabara irin ta masu wayo. Na ɗauki gwangwani ɗaya cikin na sana'a, na zuba masa rairayi har rabi. In bakina ya cika in juya baya in tofa a ciki, in mayar da murfi, in jefa a jaka. Da yamma in zubar in sa sabon rairayi. Duk wanda ya gan ni da gwangwani ya san mai turare ce, ba wanda zai tambaya. Wallahi har alfahari na yi da wannan dabarar.

Ƙwannafi kuwa da jiƙon kanwa nake kashe shi, yadda na ga manya suna yi. Abinci na ainihi ba ya shiga, in ya shiga ba ya zama. Abu ɗaya raina ke so, farar ƙasa. Nakan saya wurin wata tsohuwa a kasuwa, in ce mata maƙwabciyata ce ta aiko ni. (Kullum sai ta ce, "A gaida maƙwabciyar, Allah ya sauke ta lafiya," tana kallon tsakiyar idona. Ni kuwa in ce amin, in tafi ina yaba wa kaina iya ƙarya.)

Sannu a hankali na fara jin jikina ba nawa ba. In na yi shara sai na zauna na huta. In na miƙe da sauri sai ɗaki ya juya. Zuciyata ta riƙa bugawa fat-fat ba tare da na yi gudu ba, tafin hannuna ya yi fari. Maigidan ya ga abin ya ishe shi.

"Gobe ki shirya in kai ki awo."

"Sai ya fito tukuna."

"Ke kam, ciki kike ɓoyo ko kayan sata? Ko masu fasa-ƙwaurin man esansi na mota ba su kai ki iya ɓoyo ba."

Na yi masa bayani yadda ake yi wa wanda bai san mata ba. Bencin masu awo a matarniten unguwarmu, wato asibitin haihuwa, ƙarƙashin rumfa yake, yana kallon titi. Rabin matan da ke zama a kai masu sayen turarena ne. In na zauna wurin da hantsi, kafin azahar labari ya isa Tibiri. Ya ce to mu je wata unguwa. Na ce wace unguwa ce a Maraɗi ba a san ni ba? (Kun ga inda yabon kai ke kai mutum.) Da ya matsa sai na fashe da kuka, na ce so yake a sake yi mini baki. Ya ƙyale ni. Shi ma ɓarin farko ya taɓa shi, kuma ba ya son ganin hawayena.

Ana cikin haka na je Jiratawa gaida Inna. Ni ce ɗiyarta ta fari, don haka tsakanina da ita akwai kunya. Ba ta kiran sunana, ba ta zama ta yi doguwar hira da ni, in tana da magana sai ta faɗa wa iska ni kuma in tsinta. Na same ta tana tsinke zogalen da aka yanko daga garka. Ta dube ni sau ɗaya ta kawar da kai. Can sai ta ce wa tabarma, "Wasu mutane dai sun rame." Na ce zafi ne. Ta ci gaba da tsinka. Da zan tafi ta sa aka ɗaura mini buhun zogale a bayan moto, wato babur, buhun wanda ya ishi gidan biki, ta ce wa ƙyauren gida, "Na ji an ce likitocin birni suna da ƙoƙari, in mutum ya je musu." Na ce haka ne kam. Na hau moto ina murmushi cikin hijabi, wai ni har uwar da ta haife ni na yi wa wayo.

To, rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Bikin Rabi ya zo. A can Tibiri aka ba da ita, kuma tun da aka sa rana Hajiya ta ce turaren ɗakin autarta ba mai yin shi sai ni. Yadda na haɗa turaren nan Allah kaɗai ya sani. Na ɗaure hanci da ɗankwali, maigidan na juya mini tukunya a tsakar gida ina ba shi umarni daga bakin ƙofa. Na aika da mafi yawansa tare da kayan ɗaki. Gwangwani ɗaya na riƙe, na musamman, wanda za a fara buɗe ɗakin da shi. Na san halin matan biki, in ya bi kaya kowa sai ta ɗebi na albarka, kafin a zo kansa ya ƙare. Na saka shi a jakata, kusa da ɗan'uwansa.

Ranar jere ban karya ba, don kada in yi amai a hanya. Ruwa ma kurɓa ɗaya na yi, wai don yawun ya ragu. Bazara ce, irin zafin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Na zuba leshi, na ɗora babban mayafi, na hau kabu-kabu sai Tibiri.

Gidan angon cike yake da mata, dangin amarya da dangin ango. An kafa gado, an tayar da armuwar ta ajiyar tufafi, ana ta gardamar inda za a jera kwanuka. Kowace mace ta yi wanka da turare kala nata, ga ƙamshin miya yana tasowa daga murhu. Gaisuwar mutanen Tibiri kuwa ba ta ƙarewa. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina maigidan, ina zafi, ina hidima. Ni kuwa baki cike. Sai in durƙusa in ce "Mm," in gyaɗa kai, in ƙara "Mm-hm."

Akwai Gwaggo Hassu, yayar mahaifin maigidana, tsohuwa mai baki kamar reza. Tana zaune a bakin gado da sandarta, ba ta taɓa ko cokali ba amma ita ke ba da umarnin komai. Da na gaishe ta ta dube ni sama da ƙasa.

"Oh ni! Matar Sani ta zama 'yar birni. Gaisuwa ma da hanci take amsa ta."

Aka yi dariya. Na yi murmushi baki rufe, na sulale waje. Na gano wani lungu bayan rumbu, can na mayar wurin zuwana. In shiga ɗaki in taɓa labule, in gyara filo, in zame in je bayan rumbu in buɗe gwangwani. Na yi sawu ban san iyaka ba. Kowace tafiya ƙafafuna suna ƙara nauyi, idona yana ganin wasu 'yan taurari da rana tsaka.

Ina bayan rumbun na ji ana ƙwala mini kira. An gama jere, Hajiya ta ce a kawo wuta. Na danna murfi da sauri, na cusa gwangwanin a jaka, na koma.

Na tarar an ajiye kasko a tsakiyar ɗaki, garwashi ya yi jajir. Mata sun kewaye shi, wasu a ƙasa, wasu a tsaye har bakin ƙofa. Hajiya ta gyara zama. Mace ce mai kawaici, ba ta cika yabo ba, amma ranar gaban surukai ne.

"Yau za ku ji turare," ta ce. "Ba irin na kasuwa ba ne mai sa tari. Matar ɗana ke yin shi da hannunta. Har daga Damagaram aikowa ake a saya."

(Sau ɗaya aka taɓa aikowa. Ban gyara mata ba.)

Uwar ango, wata doguwar mace mai fara'a, ta matso kusa da kaskon ta buɗe gyalenta a kai don ya fara shan hayaƙin. Wasu biyu suka yi koyi da ita.

Na durƙusa. Abin da ke raina ɗaya ne, kada ƙamshin nan ya shiga hancina in yi amai a sabon kafet ɗin Rabi. Na ja mayafi na toshe hanci, na ɗauke numfashi, na kawar da fuska gefe, har ido na runtse. Na zura hannu a jaka na ɗauko gwangwani, na ɓalle murfi. A ƙa'ida da yatsu ake ɗiban turare a barbaɗa kaɗan-kaɗan, ko yarinya ta san wannan. Amma ba na son ƙamshin ya kama mini yatsu, sai na karkata gwangwanin bisa wuta na girgiza. Ba abin da ya fito. Na ƙara girgizawa da ƙarfi, na buga gindinsa da tafin hannu.

Na ji abu ya faɗa tim, sannan wuta ta ce cuuu.

Na buɗe ido. Curin jiƙaƙƙen rairayi ne zaune a tsakiyar kasko, ya fito da siffar gwangwanin kamar an kife tuwo. Garwashin ya mutu. Wani tururi mai ƙarni yana tashi, yana shiga gyalen uwar ango kai tsaye. Baiwar Allah ba ta ma janye ba, ta tsaya tana shinshinawa, tana neman inda ƙamshin yake.

Ɗaki ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Duk macen da ke wurin ta haihu ko ta ga mai ciki, ba wadda ke buƙatar a yi mata fassara. Na dubi gwangwanin da ke hannuna, na dubi jaka. Ga na turaren can a ƙasa, murfinsa a rufe, lafiyarsa lau. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Gwaggo Hassu ta sauko daga bakin gado. Ta sunkuya, ta sa bakin sandarta ta taɓa curin, ya rushe. Ta ɗago ta dube ni.

"Ke matar Sani. Wanga turare naki, watanshi nawa?"

Wayyo Allah! Ɗakin ya fashe. Wata ta faɗi kan 'yar'uwarta, wata tana dukan cinya, uwar ango tana kaɗa gyale tana dariya har da hawaye. Can baya wata ta rangaɗa guɗa. Na miƙe zumbur na nufi ƙofa. Na tuna na ga hasken tsakar gida, na tuna ya koma ja, sannan baƙi. An ce a bakin ƙofa na zube, cikin takalman mutane.

Da na farfaɗo fuskata jiƙe take da ruwa, kaina a cinyar Hajiya, kuma ba mai dariya. Motar da ta kawo kayan ɗaki tana ƙofar gida ba ta tafi ba. A bayanta aka shimfiɗa mini tabarma, aka nufi matarniten Tibiri da ni, Hajiya na riƙe da kaina tana salati.

Sajfam ɗin da muka tarar, wato unguwarzomar asibitin, mace ce mai ƙiba da tabarau, ba ta da lokacin wasa. Ta ja fatar idona ƙasa ta duba, ta juya tafin hannuna, ta ɗaura mini abin awon tansiyo, wato hawan jini, ta soki yatsana ta ɗebi jini.

"Wata nawa?"

Na ce ya haura huɗu. Karon farko ke nan da na faɗa da bakina gaban wani ba maigidan ba.

"Ina katinki na awo?"

Hajiya ta ce, "Yana jakarta mana," ta jawo jakar ta zazzage a kan gado. Gwangwanin turare ya fito, ƙullin kanwa ya fito, ledar farar ƙasa ta fito har da wadda na gatsa na rage. Kati bai fito ba.

"Kin baro shi gida?" in ji Hajiya.

Na girgiza kai.

"Ba ki taɓa zuwa ba? Ko sau ɗaya?"

Na sake girgiza kai. Yadda fuskar Hajiya ta canza ya fi mini dariyar matan nan ciwo. Sajfam ta ce in kwanta, ta ɗage mini riga, ta shafa wani abu mai sanyi a marata, ta ɗora wata 'yar na'ura mai lasifika.

Shuuu kawai muke ji. Ta matsar da ita gefe. Shuuu. Ta ƙara matsarwa ƙasa, ta danna. A lokacin nan kunyar gwangwani ta fita daga kaina gaba ɗaya. Tsoro na ji, tsoro tsantsa, irin wanda ban taɓa ji ba. Na tuna wancan gadon asibitin da ledar da ke ƙarƙashin gadona. Na ce a raina, wancan an ce baki ne, wannan kuwa in ya tafi ba bakin kowa, ni ce. Hajiya ta kama ƙafata ta riƙe gam, ban san ta san tana yi ba.

Sai ga shi. Ƙarami, da sauri-sauri, kamar luguden daka daga nesa.

"Ga mutumin nan," in ji sajfam. "Yana nan da ransa, ba don kin taimake shi ba."

Na yi kuka, Hajiya ma ta yi, ta fake da gyaran ɗankwali.

Daga nan aka shiga yi mini wankin babban bargo. Jinina ya yi ƙasa ƙwarai, jikina ba ruwa, ga yunwa ga zafi. Ta ce da na ƙara wasu makonni a haka, zancen ƙarin jini za a yi, ko abin da ya fi shi muni. Aka ɗaura mini ƙarin ruwa. Ta ɗaga ledar farar ƙasar da yatsu biyu.

"Wannan ba abinci ba ne, Madam. Tana cika miki ciki, ta hana jikinki amfana da ɗan abin da kika ci, ta kawo miki tsutsa. Yawan kwaɗayinta ma sau da yawa alamar ƙarancin jini ce. Kanwar nan kuma ki bar ta. In ƙwannafi ya dame ki, ki rage yaji da maiƙo, kada ki kwanta da kin gama cin abinci, ki tada kai da filo. In ya ƙi, ki zo mu ba ki magani."

Na ce abincin ne ba ya zama.

"Don kina jira sai yunwa ta kama ki, sannan ki ci da yawa. Ki ci kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Ki ajiye busasshen burodi kusa da gado, ki ɗan ci kafin ki tashi. Citta a ruwan ɗumi tana taimaka wa wasu. Zogale, wake, ƙwai, kifi, duk wanda ya samu."

"Yawun fa?" na tambaya a hankali.

"Yawu ba ya kisa. Ki tsotsi lemun tsami ko ki tauna cingam, ki tofar abinki, yawanci yakan ragu da kansa. Amma ruwan da kike tofarwa sai kin mayar da shi. Ke kuma kika daina sha." Ta dube ni ta saman tabarau. "Wa ya ba ki wannan shawarar?"

Na ce ni na ba kaina. Ta ce ta ga alama. Ta ba ni ƙwayoyin ƙarin jini, da na rigakafin masassara, da sange, wato gidan sauro, in riƙa kwana a ciki, ta rubuta mini ranar komawa awo a Maraɗi. Ta ce in na ga jini, ko zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani, ko fuska ta kumbura, kada in jira kowa, ko maigidan. Shi kuwa maigidan da ya iso a firgice daga wurin maza, nasa faɗan daban aka yi masa a waje, ina jiyo shi yana "Haka ne, Madam. Gaskiya ne, Madam."

Bayan la'asar ruwan yana ɗiga, daga ni sai Hajiya a ɗakin. Na kasa haɗa ido da ita. Na ce ta yi haƙuri, na kunyata ta gaban surukai, kuma na ɓoye mata.

"Ɓoye mini?" ta ce. "Ɗiyata, ni na sani tun ranar da kika kawo mini samfurin turaren nan. Kin miƙo mini shi hannu a miƙe, fuska a gefe, kamar mai riƙe da mushen ɓera. Gwaggonku ma ta sani. Innarki ta sani. Har aiko mini ta yi ta bakin mai kawo mana zogale, wai a tambaya mata ko yarinyar tana zuwa likita."

"Me kika ce mata?"

"Na ce ta kwantar da hankalinta, 'yar birni ce, tana zuwa a ɓoye." Ta murza bakin zanenta. "Mun ga abin da ya same ki wancan karon. Mun ga kina son a yi shiru, muka taya ki. Da na san shirun har da likita, wallahi da kaina zan zo Maraɗi in ja ki da kunne."

Daga baya na gano sauran. Matan layinmu sun sani tun watan farko. Masu sayen turare sun sani, don sun ce hannuna ya canza. Mai shayi ma ashe ya taɓa yi wa maigidan barka a kaikaice. Kowa ya gani, kowa ya kama bakinsa don ya rufa mini asiri, kowa kuma yana zaton wani ya tabbatar ina zuwa awo.

Na sha ƙwayoyin nan, na ci zogalen Inna har na gaji da ganin kore, jini ya dawo a hankali. Da lokaci ya yi na haifi mace, lafiyayya, mai ƙarar murya. Sunanta na yanka daban, amma Gwaggo Hassu Turare take ce mata, kuma duk Tibiri sun bi bakinta. Uwar angon Rabi har yau in ta gan ni a taro sai ta tattare gyalenta ta matsa gefe, mu yi dariya, ni tawa ta dole.

Darasin da na koya ba mai tsawo ba ne. Na yi wata da watanni ina gadin sirri, na yi ƙarya a kasuwa, na yi ƙishirwa, na amsa gaisuwa da hanci. Daga Maraɗi zuwa Tibiri zuwa Jiratawa, mace ɗaya tak na yi nasarar ɓoye wa cikin nan, ita ce sajfam. Ita kaɗai ce kuma ya zama dole ta sani, kuma saura ƙiris in biya wannan nasarar da ɗiyata.